Audugar Tutiya ta Tambaya Mai Zubi

Tambaya mijin yayata Ladidi ne, mai zubin tukwane a bakin garin Bungudu. Shekara ashirin da shida na san shi, kuma in aka tara duk maganar da ya yi mini a cikinsu ba za ta cika kaset ɗaya ba.

A Bilbis aka haife shi, can ƙasar Tsafe. Uwarsa ta yi shekara tara a ɗaki ba haihuwa, ta bi malamai da masu magani har ta gaji, shi ya sa da ya zo aka riƙa ce masa Tambaya, sunan yankan, Abubakar, ya ɓace. Yana da sha huɗu aka kai shi Gusau wajen wani mai zubi, ya yi shekara bakwai yana juya keken zuga kafin a bar shi ya taɓa ƙasar zubi. Da ya samu 'yanci ya auri Yaya Ladidi, ya dawo garinmu ya kafa murhu a tsakar gida. Darbejiya ɗaya ce a gidan, ya sare ta a makon farko don tartsatsi. Tun daga nan babu inuwa a filin sai ta katanga.

Tukunya goma sha ɗaya yake zubawa a mako. Fistan ɗin mota, tsofaffin kwanuka, murfin inji, duk yakan tsinto su a Gusau, ya narke, ya zuba, ya goge, ya kai kasuwar Tsafe. Da ƙwanƙwasa yake gane ƙarfe. Abin da ya tsana a cikin kayan narka shi ne tutiya, wani nau'in ƙarfe da ke shigowa a jikin kafireta da hannun ƙofa. Idan wuta ta yi mata yawa sai ta kama da harshe kore-kore, ta yi farin hayaƙi, wani abu fari mai laushi ya manne a ƙarƙashin gutsuren kwanon da yake rufe murhu da shi. Audugar tutiya yake ce masa. Ka murza shi a yatsa ya ɓace kamar toka. Hayaƙin kuwa yana sa sanyin jiki da rawar ɗari, kuma masu zubi nono suke sha a kansa. Matar Manu, wani Bafulatani da ke da ruga a bayan gari, ita ke kawo masa ƙwarya ɗaya duk bayan kwana biyu.

'Ya'ya huɗu suka haifa. Uku ba su kai yaye ba. Ta huɗun, Maijidda, ta kai shekara sha biyu, sanƙarau na shekarar casa'in da shida ya ɗauke ta a kwana biyu. Yaya Ladidi ta kwanta ta juya wa bango fuska, ta yi wata biyar a haka. Tambaya bai yi kuka a gabana ba, bai kuma fasa aiki ba. Sha ɗaya a mako, ba ƙari ba ragi.

Abin da ya tashe ta ƙarami ne. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ke rina kaba da galura don masu saƙar tabarma da faifai ta ji ciwo a hannu, ta shigo da dami ɗaya ta ce a taimaka mata. Yaya ta tashi ta rina. Washegari ta sake. Kafin wata uku Tambaya ya zuba mata manyan tukwane uku, ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shunayya, masu saƙa na zuwa har daga Wanke. Ba wai ta dawo da hira ba ne. Amma ni malamin gona ne, aikina awo da ƙirga, kuma na lura: ranar da ta yi rini tana cin abinci sau biyu, ranar da ba ta yi ba sau ɗaya, ko ma babu.

Ruwan ɗauraya shi ya jawo magana. Daro shida take zubarwa a yini. Ya bi rariya, ya bi lambatu, taku ɗari biyu da arba'in ya faɗa kududdufin bayan gari. Da damina ba mai kula. Da bazarar casa'in da takwas kududdufin ya janye ya koma kamar masussuka, ruwan ya yi ja, shanun Manu talatin da bakwai suka riƙa komawa ruga da jan baki. Sai maraƙi ɗaya ya mutu. Ko ruwan ne, ko yunwar bazara, ba wanda ya sani. Manu ba mai neman fitina ba ne, amma ya tafi wurin maigari.

Maigari ya ba da kwana bakwai: ko dai ruwa ya riƙa fita daga gidan fari, ko a daina rini. Na ce a haƙa rami. Aka ce rijiyar unguwa taku sha biyu ce daga katangarsu, maƙwabta ba za su yarda ba. Na ce a riƙa ɗauka a jaki a kai daji. Aka ce duk inda aka zuba, ruwan sama zai dawo da shi kududdufi.

Na iske Tambaya yana tankaɗe ƙasar zubi, na zayyana masa dabaru biyar a tsaye. Bai ɗago ba sai da na ƙare.

"Ka gama, sarkin lissafi?"

"Ban gama ba. Kai ko a jikinka? Matarka za ta koma kwance, kana tankaɗe kamar mai shirin tuwon biki."

"Akwai wani abu," ya ce. "Zo da safe."

Da hantsi ya ɗebi ruwan ɗaurayar ja a wani faffaɗan daro, ya kankaro audugar tutiya daga kwanon murhu ya zuba, ya motsa da kara, ya bar shi nan tsakar gida ya koma aikinsa. Lokaci-lokaci in ya wuce ya sake motsawa. Kafin azahar ruwan ya koma kalar zoɓo da aka tsinka. Da la'asar farin ya kwanta a ƙasa, ruwan sama-sama ya zama garau, ina ganin tsatsar gindin daron.

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Bara. Na kakkaɓe kwano, ta faɗa cikin ruwanta."

"Bara! Kuma ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Kwana biyar suka rage, na ɗauki hutu a ofis. Na sayi littafi mai layi na ja ginshiƙai: cokali nawa, daro nawa, wace kala, ƙarfe nawa aka zuba, ƙarfe nawa ya washe, motsawa sau nawa. Gwaji goma sha huɗu muka yi. Cokali biyu bai isa ba. Cokali huɗu ya yi daidai, shida ɓarna ce. Ja na washewa a awa huɗu, shunayya huɗu da rabi, kore ya fi taurin kai, sai ya ci biyar. Faffaɗan daro ya fi bokiti nesa ba kusa ba, ban san dalili ba, na dai rubuta. Da auduga ta ƙare, Tambaya ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa: ya ƙona tutiya da gangan. Na tattaro masa matattun batiran tocila tamanin da uku daga shagunan Bungudu, muka ɓare, ya wanke ɓawon, wanda tutiya ce, ya zuba a wuta. Kwana biyu yana rawar ɗari cikin zafin watan Afrilu, yana shan nonon shanun da suka kai shi ƙara.

Yaya Ladidi tana ganinmu. Sai ranar da za mu tafi wurin maigari ta tanka. Ta ga na ɗauki daro a buɗe zan ɗora a baro, ta fito da wani babban faifai sabo da ta saƙa da kanta.

"Bawa, haka za ka kai wa manya abu, baki buɗe?"

Na karɓa na rufe. Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta yi mini a watan.

Ƙarfe tara da kwata muka isa ƙofar maigari. Na sauke daron a fili inda baro ya tsaya, don yana da nauyi. Sarkin fada ya taso yana gyara riga.

"Kai malamin gona, mi kake yi? Shanyar barkono ka kawo? Maigari zai fito rana shi duba maka daro? Shigo da shi ciki."

Zauren na ƙasa ne, ginin da, kauri kamu biyu, taga ɗaya ƙarama can sama. Ka shiga sai ka tsaya idonka ya saba. Maigari na kan buzu, dattawa bakwai a gefe, liman a dama. Manu ya zauna bakin ƙofa da sandarsa a kan cinya, ya ga Tambaya ya yi murmushi, don tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa.

"Maƙeri, wuta ta ƙi ka ne ka koma boka?"

"Ni dai ban kai mai sayen nonona ƙara ba," in ji Tambaya.

Aka yi dariya, har maigari. Na ji daɗin wannan dariya, na ɗauka alama ce.

Muka buɗe, kowa ya leƙa ya ga ruwa ja wur. Tambaya ya zuba cokali huɗu, ya motsa. Na duba agogo na ce ƙarfe ɗaya da rabi za a ga ƙasan daro.

"To a bar shi nan gabanmu," Manu ya ce. "Kar a fita da shi. Na san halin maƙera, sai su sauya ruwan su ce aljani ne."

"Nan zai zauna," in ji maigari. "Rufe shi, kar ƙasa ta zuba."

Na mayar da faifai da hannuna.

Aka ci gaba da sauran shari'u. Rikicin iyakar gona, wani jaki da ya ci dawar rumbu. Duk rabin awa nakan tashi in buɗe in motsa in rufe. Sha ɗaya, ja. Sha biyu, ja. Na ce wa kaina sanyin zauren ne ya sa yake nawa. Aka tafi azahar aka dawo, sarkin fada ya zauna gadi. Ƙarfe biyu na ɗebo a cokali na kai bakin ƙofa na duba: ɗan fari-fari ya shiga saboda garin, amma ja ne. Na roƙi a ƙara cokali biyu, aka yarda. Na roƙi a ƙara awa ɗaya, aka yarda. Tambaya na zaune ya jingina da bango, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon wuri ɗaya.

Bayan la'asar maigari ya sa aka buɗe na ƙarshe. Ya daɗe yana kallo.

"Tambaya, ba mu taɓa jin ka da ƙarya ba. Amma ga ido, ga ruwa."

"Haka ne, ranka shi daɗe."

"A gida yana yi!" na ce. "Sau goma sha huɗu, ga littafi, ga ƙarfe, ga..."

"Malam Bawa," in ji liman, "littafinka shanu za su sha?"

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Maigari ya yanke: daga gobe ba rini a gidan. Manu ya tashi, ya tsaya kusa da Tambaya kamar zai yi magana, sai ya gyara sandarsa ya fita.

Muka turo baro gida. Yaya Ladidi ta ɗaga faifanta, ta ga abin da ke ciki, ta shiga ɗaki da faifan a hannu. Muka bar daron nan inda muka sauke shi.

Washegari wajen azahar na zo duba ta. Daron na tsakar gida, a buɗe, rana na dukansa. Ruwan garau.

Na tsaya a kansa ban san tsawon lokacin ba. Na buɗe littafi na bi ginshiƙai shida ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga cokali, na ƙirga awa, na ƙirga har motsin kara. Wuri ne kaɗai ban rubuta ba, don wurin bai taɓa sauyawa ba. Na kira Tambaya na nuna masa daron, na nuna masa sama. Ya duba wannan, ya duba wancan.

"Rana ce ke nan," ya ce. Ya koma ga murhunsa.

Ban yarda da kaina ba sai da na gwada. Daro biyu, awo ɗaya, ɗaya a fili ɗaya a ɗakin gawayi. Na fili ya washe, na ɗaki ya kwana ja. Na sake sau uku. Sannan na cusa audugar a kwalin ashana na hau mota zuwa Gusau wurin Malam Mahadi, abokin karatuna da ke koyar da kimiyya a wata sakandare. Ya ɗora ta a madubin ƙara girma na makaranta ya ce in leƙa. Na ga kamar ƙayoyi da allurai sun sarƙe.

"Waɗanda kake gani manya ne," ya ce. "Akwai waɗanda suka fi gashi siranta sau ɗaruruwa, wannan madubin ba ya kama su. Tutiya ce ta ƙone ta haɗu da iska. Idan hasken rana ya bugi zaren, yana zaburar da ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa, su kuma su sa ruwan ya yayyaga galurar. Ita audugar kusan ba ta ƙarewa. Ba haske, ba aiki. Faffaɗan daro ya fi ne don ya fi shan rana."

Ya ce masana na nazarin irin waɗannan siraran abubuwa, har ana fatan tsininsu ya riƙa feso lantarki kamar yadda bayan gilashin talabijin ke yi. Ya yi ta murna, yana so ya zo ya ga mai zubin. Ya kuma gargaɗe ni cewa ruwa ya yi fari ba shi ne ya zama na sha ba: a tace farin a ajiye, kada dabba ta sha kai tsaye, kuma mutumin nan ya daina shaƙar hayaƙin. Na rubuta duka. Na kasa taya shi murnar.

Na koma wurin maigari kwana shida bayan hukunci. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba.

"Na ji. Ina jin ma gaskiya ne. Amma na yi magana gaban jama'a, Fulani sun ji, gari ya ji. In na tashe ta cikin mako guda, gobe wa zai tsaya kan maganata? Ga damina ta kawo kai, ranar ma ba ta samuwa. A bari a cire amfanin gona, mu sake dubawa."

Wata shida da kwana tara. A cikinsu Yaya Ladidi ta koma fuskantar bango. Masu saƙa na Wanke suka zo sau biyu, suka samu wata mai rini a wani gari. Tukwanen uku aka kife su a gindin katanga. Matar Manu ba ta fasa kawo nono ba, takan ajiye ƙwarya a ƙofa, ta yi sallama, ba ta jiran amsa.

Ƙarshen Oktoba aka sake zama. Wannan karon dattawa suka zauna ƙarƙashin durumin ƙofar fada, daro yana can taku ashirin a tsakiyar fili, a buɗe. Sarkin fada ya yi ta ƙunƙuni cewa bai taɓa ganin an ajiye wa sarauta abu kamar kayan talla ba. Manu da kansa ya riƙe karan motsawa, don kada a ce an yi wani abu. Awa huɗu da minti goma. Ya durƙusa ya leƙa, ya ga gindin daro, ya miƙe.

"Maƙeri, ashe rana ce bokanyar, ba kai ba."

"Ita ce," in ji Tambaya.

Maigari ya ba da izini da sharaɗi: a shanya ruwan, a tace, a zuba a lambun bayan gida, ba lambatu ba. Na rubuta sharuɗɗan, liman ya yi addu'a, aka watse.

Mun sami Yaya Ladidi zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafa. Tambaya ya tsuguna nesa kaɗan.

"Ladidi, an ce ki ci gaba."

"Da mi?"

"Da rini."

Ta juya tafin hannunta ta duba, ta duba bayansa. Galurar da ta kama faratanta da can duk ta fita.

"To," ta ce.

Washegari na kawo kaba dami huɗu da galura kala uku. Na tayar da tukwanen na wanke, na jera daro shida a fili, na auna mata cokali huɗu-huɗu a ƙullin takarda don kada ta sha wahala. Na dawo bayan kwana uku, komai na nan yadda na bar shi. Na dawo bayan mako. A zuwa na biyar ta kira ni da kanta.

"Bawa, kwashe kabarka. Awaki na ci."

Na kwashe. Dami uku da rabi.

Ba ta sake rini ba. Tambaya bai yi mata maganar ba kuma, ni ma ya hana ni. Abin da ya yi kawai, ya ɗauke aikin gugar tukwane daga gefen murhu ya dawo da shi bakin ƙofarta. Nan yake zama da zarto da tukunya tsakanin ƙafafunsa tun hantsi, ita tana ciki, ƙwaryar fura a tsakaninsu. Ranar da na je sallama zan tafi kwas Gusau, na tarar da shi yana ta gurzar bakin wata tukunya, sai na ji muryarta daga ɗaki.

"Malam, kana cika mini kunne."

"To," ya ce.

Ya ɗan dakata, ya tura ƙwaryar ciki da gefen ƙafa, ya ci gaba da guga.